Soket ɗin da Na Yi wa Rediyon Surukina

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin bikin ƙanwar matata ba. Ko da ni na so in manta, mutanen Ba'awa, garin surukaina, sun ɗauki alkawarin tuna mini har in koma ga Mahaliccina. Ni malamin kimiyya ne a wata ƙaramar sakandare a Tiga. Ku riƙe wannan da kyau, don shi ya ƙara wa abin muni. Da manomi ne ya yi abin da na yi, da an ce rashin sani ne, an yi masa uzuri. Ni kuwa da alli a hannuna nake koya wa 'ya'yan mutane yadda wutar lantarki take tafiya.

Surukina, wanda nake ce wa Baba, yana da wata rediyo mai cin kaset da ya sayo a Makka shekarar da ya sauke farali, tun matata Sa'a ba ta yi wayo ba. Ƙatuwa ce, baƙa, da lasifika biyu, sai an sa hannu biyu ake ɗaga ta. Ba a jin labarai da ita, akwai 'yar ƙarama ta aljihu mai wannan aikin. Ita aikinta ɗaya ne. Kafin mahaifin Baba ya rasu, an ɗauki muryarsa a kaset yana yi wa 'yan matan gidan addu'a da nasiha. Tun daga nan ya zama dokar gidan: ba a fitar da amarya sai an shimfiɗa tabarmi a tsakar gida bayan la'asar, an zaunar da ita gaban rediyon, ta ji muryar Kaka daga farko har ƙarshe. Kaset ɗin guda ɗaya ne tal a duniya, yana cikin adakar Baba nannaɗe da farin ƙyalle. An sha roƙonsa ya bari a kwafe shi a waya, ya ce shi muryar mahaifinsa ba za ta zauna wuri ɗaya da waƙe-waƙen yara ba.

Saura mako biyu bikin Nafisa, ƙanwar Sa'a, na je gaisuwa. Na tuɓe takalmi tun daga bakin zaure, na durƙusa, muka gaisa, na tambayi gona, ya tambayi 'yan makaranta. Sai na lura ya ɗora rediyon a cinya yana naɗe igiyar wutarta da yankin leda. Ɓeraye ne suka sake ci. Igiyar a manne take da jikin rediyon, ba ta cirewa, ramin batir kuwa tsatsa ta gama da shi tuntuni. A tsakiyar igiyar kuma akwai wani baƙin kullutu na ƙarfe, girman rabin bulo na sabulun wanki, mai nauyin tsiya, an ɗaɗɗaure shi da salatif.

A nan ne Shaiɗan ya zo ya zauna kusa da ni.

Dole in yi muku bayanin wani ciwo da ya kama ni a lokacin. Na yi wata da watanni ina kallon bidiyon wasu tsofaffin Turawa a waya, masu ɗakuna cike da lasifiku. Su aikinsu ke nan: su samu tsohuwar na'urar sauti, su yanke igiyar da aka yi ta da ita, su huda bayanta su dasa soket mai haƙora uku irin na butar lantarki, sannan su soka wata igiya mai kauri wadda ake cirewa a mayar. Daga nan sai mutum ya zauna a kujera ya lumshe ido ya ce wai sautin ya buɗe, wai yanzu yana jin numfashin mai busa. (Ni a lasifikar wayata da ta sha faɗuwa nake sauraro, amma wallahi sai in ji kamar ni ma na ji ya buɗe.) Na haddace aikin nan tsaf a kaina. Abin da na rasa kawai shi ne na'urar da zan gwada a kanta, ga shi Allah ya kawo.

Na gyara durƙuso na ce, "Baba, ai wannan wahalar ta ƙare. Ku ba ni ita in yi mata soket. In an gama amfani sai a zare igiyar a jefa a adaka, ɓera ya zo ya ga wayam."

Baba ya dubi rediyon, ya dube ni. Ya ce, "Anya, Malam? Da ka bar ta. Tanimu ne ya ɗaura mata igiyar nan da hannunsa, ya ce kada a taɓa."

Malam Tanimu wani tsoho ne mai gyaran rediyo a kasuwar Kwanar Dangora, wanda ko ajin farko na boko bai taka ba. A zuciyata na ce, ni da takardar shaidar malanta a rataye a bango, Tanimu ne zai kafa mini doka? A fili kuwa na ce, "Ai zamani ya wuce nan, Baba. Har sautin ma sai ya fi daɗi." Kun san kunyar suruki. Dattijo ba ya iya hana mijin 'yarsa abu sau biyu a jere. Ya shafa kan rediyon, ya ce, "To, Allah ya taimaka. Amma ka san ranar Asabar ta sama ake bukatarta." Na ɗaure ta a bayan babur da igiyar roba na kamo hanyar Tiga ina jin kaina kamar wanda aka ba kwangilar dam ɗin garin gaba ɗaya.

Soket ɗin na ciro shi daga butar lantarkin Sa'a da ta daɗe da mutuwa. Igiya kuwa sai da na shiga Kano na zaɓo mai kaurin babban yatsa, don Turawan sun ce iya kauri iya daɗin sauti. Na baje kayan aiki a tsakar gida, sukudireba da filaya da dalma, na ɗauko almakashi na datse tsohuwar igiyar daga gindi. Baƙin kullutun nan ya faɗi ƙasa, tim!

Sa'a tana tankaɗe a gefe, ta ɗaga kai ta ce, "Abban Hanifa, wannan abu mai nauyi haka, kana ganin a banza aka ɗaura shi?"

Na ce, "Aikin mutanen da ne. Don kada iska ta riƙa kaɗa igiyar ne."

"A cikin ɗaki?"

Na ce mata ta ji da garinta, in ji da kimiyyata. Ta ce Allah ya ba da haƙuri, ta ɗauki kullutun ta tokare ƙofar kicin da shi, don dama ƙofar ta daɗe tana damun ta.

Saura wurin da zan huda. Na juya bayan rediyon ina dubawa, sai ga wata 'yar takarda mai ruwan azurfa a manne, mai kusurwa huɗu, ƙura da maiƙon shekaru sun rufe rubutun da ke kanta. Na ɗora soket a kai, ya zauna daidai wa daida, ko gashi bai ragu ba. Na ce Allahu Akbar, ashe masu ƙera ta ma sun san zan zo, har sun zana mini wurin. Ban goge ba, ban karanta ba. Na ɗora wuƙa a garwashi ta yi ja, na bi gefen takardar na yanke ta tare da robar da ke ƙarƙashinta, na wurga a bola. Na dasa soket, na haɗa wayoyi biyu da dalma, na ɗaure da kusoshi. Maganar gaskiya, aikin ya yi kyau a ido. Har hoto na ɗauka na sa a zauren malaman makarantarmu na waya, aka yi ta turo mini babban yatsa.

Sai gwaji. A makon nan kaf ba a kawo mana wuta ba ko ta minti ɗaya. Sa'a ta ce in kai shagon mai cajin waya na bakin titi, yana da janareta, in soka in gani. Na ƙi. Dalilina na farko, kada ya ga fasahar ya sace. Na biyu, na ce mata mai shakkar aikinsa ne yake gwaji. (Ni ne fa nake bugun tebur a aji ina cewa kimiyya ba ta yarda da komai sai an gwada. Har jarrabawa na sha ba da tambayar.)

Ranar Asabar aka ɗaura aure da hantsi, aka ci aka sha. Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Mata suka cika ɓangare guda, dattawan gida da 'yan uwa na jiki suka zauna a ɗaya ɓangaren. Aka fito da Nafisa lulluɓe da mayafi tana sheshsheƙa, Gwaggo Talatu, yayar Baba, tana riƙe da ita. Dangin ango da suka zo daga Burumburum suna ƙofar gida da motocinsu suna jira a gama a ba su amarya.

Ni kuwa na shigo da rediyon a lulluɓe da zanen gado, cikin sabuwar shadda mai ruwan sararin samaniya. Da na ajiye na koma gefe, da wataƙila abin ya zo da sauƙi. Ina! Sai da na yaye zanen a hankali, na juya bayan rediyon ga jama'a, na yi jawabi. Na ce a ƙasashen da suka ci gaba an daina manne igiya a jikin na'ura. Na soka igiyar, na zare. Na sake sokawa, na sake zarewa. Wani dattijo ya ce, "Ikon Allah, boko dai ya yi rana." Gwaggo Talatu ta ce, "To sannu, a kunna mana dai, rana tana yi." Ban ji haushi ba, na ɗauka hassada ce irin ta tsofaffi.

Baba ya shiga ɗaki ya fito da kaset ɗin. Ya warware ƙyallen, ya hure shi, ya sa a rediyon da hannunsa, ya rufe. Aka tayar da janareta a bayan rumbu. Na yi bismilla da ƙarfi yadda kowa zai ji, na soka igiyata mai kauri, Baba ya danna.

'Yar fitilar gaban rediyon, wadda a da take ja-ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa, ta haska fau. Muryar Kaka ta fito da wata irin ƙara da ba a taɓa ji ba, kuma da gudu. Bawan Allah nan da aka sani da magana ɗaya-ɗaya, yana yi yana tari, sai ga shi yana zuba bismilla da salati kamar mai kiran fasinja a tasha, muryar ta sirance ta koma ta ɗan akuya. Mutane suka fara kallon juna. Ni kuma, don Allah ya gama tona mini asiri, sai na sunkuya wajen dattijon da ke kusa da ni na ce, "Kun ji yadda sautin ya buɗe ko?"

Ban rufe baki ba muka ji fas! Sannan wani ƙiiii, sannan shiru. Hayaƙi ya fara fitowa ta ramukan lasifika biyun, fari, mai warin ƙonanniyar taya. Mata suka watse suna salati, wata ta taka tiren alkaki. Na yi tsalle na fizge igiyar. (A nan kam dole a yi mini adalci: ta zaru cikin sauƙi, yadda na yi alkawari.)

Baba ya danna maɓallin buɗewa, ya jawo kaset ɗin a hankali, sai ga zaren ya biyo baya, ya cukurkuɗe a cikin ƙarafan rediyon kamar taliya. Ya tsura wa zaren ido. Nafisa, wadda tun safe ba wanda ya ga fuskarta, ta ɗaga mayafi ta dube ni da jajayen idanu ta ce, "Yaya, me ka yi wa Kaka?"

Wallahi da ƙasa ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe. Gumi ya jiƙa shaddar tun daga wuya har ƙugu. Na buɗe baki na ce wai ina jin janaretan ne ya yi ƙarfi. Gwaggo Talatu ta ce, "Janaretan da aka aurar da matarka da shi?"

Ashe Malam Tanimu yana cikin 'yan ɗaurin aure, yana zaure yana shan fura. Aka kira shi. Ya shigo da sandarsa, ɗan tsamurmurin tsoho da tabarau ɗaure da zare. Ya tsuguna, ya sunsuni rediyon, ya juya bayanta, ya daɗe yana kallon soket ɗina. Sannan ya ɗaga igiyar mai kauri ya bi ta da hannu daga farko har ƙarshe.

Ya ce, "Ina taransifomar da na ɗaura mata?"

Na ce, "Wace taransifoma, Baba Tanimu?"

"Wani baƙin ƙarfe mai nauyi, a tsakiyar igiya."

Na shiga lissafin ƙaryar da za ta fi sauƙin ɗauka. Kafin in samo, sai muryar matata ta fito daga cikin mata, a sanyaye, amma kowa ya ji: "Yana gidanmu. Shi ke tokare mini ƙofar kicin."

Malam Tanimu ya cire tabarau ya goge. Ya ce, "Malam, rediyon nan 'yar Makka ce ta wancan zamanin. Wuta ɗari da goma take ci. Tamu ta nan ɗari biyu da ashirin ce. Wancan ƙarfen shi ke raba wutar biyu kafin ta shiga. Ka ba jariri tuwon ƙato." Ya sake juya bayanta. "Ai ma a rubuce yake, da boko. Ni ban iya karatu ba, wani na sa ya karanta mini. Akwai wata 'yar takarda mai ƙyalli a nan wajen." Ya ɗora yatsa daidai kan soket ɗin. Ya dube ni ta saman tabarau. Duk wanda ke tsakar gidan ya gane inda takardar ta tafi.

Tsohon nan ya nemi biro da reza da salatif. Ya zauna a kan tabarma ya yi ta zaro zaren daga cikin ƙarafa da tsinken tsintsiya, yana miƙar da shi a cinyarsa, yana naɗewa da biro. Ni ina tsaye, ba wanda ya ce in zauna, ba wanda ya ce in tafi. Wajen kamu guda na zaren ya tattaune ya narke, ba yadda za a yi da shi. Ya yanke wurin, ya haɗa bakin biyu, ya miƙa wa Baba ya ce, "Sauran yana nan. Amma ita rediyon sai dai haƙuri yau."

To a ina za a kunna? Duk Ba'awa aka rasa mai rediyon kaset, kowa ya koma waya. Baba kuma ya ce, a hankali, ba tare da ya dubi kowa ba, Nafisa ba za ta fita ba sai ta ji. Rana tana ta sunkuyawa, dangin ango suna ta aiko da tambaya. Can sai kawun ango, wani dattijon Bafulatani, ya ce ai tsohuwar a-kori-kurar da suka zo ɗaukar kayan ɗaki da ita tana cin kaset.

Haka aka kwashe tabarmi aka fito ƙofar gida. Aka zaunar da amarya a gefen mota, kusa da taya, direba ya buɗe ƙofofi biyu. Abin da ake yi a cikin gida tsakanin dangi, ranar sai da duk unguwa ta taru, har masu dawowa daga gona suka sauke fartanya suka tsaya. Kowa ya tambayi dalili, kowa aka nuna masa ni.

Muryar Kaka ta fito yadda aka san ta, a hankali, da tarinta. Ya yi bismilla, ya yi salati. Ya ce, "'Ya'yana mata, Allah ya yi muku albarka. Allah ya zaunar da ku a ɗakunanku lafiya. Allah ya..." Sai ƙit, muryar ta tsallake, ta faɗa kan maganar haƙuri da maƙwabta. Baba ya ɗaga hannu, direba ya tsayar. Dattijon nan ya haddace kaset ɗin kamar Fatiha. Ya gyara murya, idonsa a ƙasa, ya cike gurbin da bakinsa:

"Allah ya haɗa ku da mazaje masu hankali da natsuwa."

Jama'a, na sha jin amin a rayuwata, a masallaci da filin idi. Ban taɓa jin irin ta ranar ba. Maza da mata, dangin amarya da na ango, har direban, suka ce "Aaamin!" kuma babu wanda ya kalli gabas, ni kowa ya kalla. Muryar da ta fi ta kowa tashi kuwa na san ta, da ita nake kwana a gida ɗaya. Ni ma na shafa, don ban ga wata mafita ba.

Washegari na je na durƙusa ba da haƙuri. Na so a ce Baba ya zage ni, ko na samu sauƙi. Sai ya ce, "Ba komai, Malam, ai niyyarka alheri ce. Ka gaida mutanen gida." Malam Tanimu ya yi wata biyu yana neman kayan cikin rediyon kafin ta sake magana, amma kamu gudan nan na muryar Kaka ya tafi ke nan, ni na cinye shi. An yi biki biyu a gidan bayan na Nafisa. Duk lokacin da kaset ya zo wurin, sai ya yi ƙit, Baba ya tsayar, ya faɗi addu'ar da bakinsa, jama'a su juyo su nemo ni da amin ɗinsu. Na gwada zama a baya, na gwada fakewa da rumbu, duk ana gano ni.

Darasin da na koya ba shi da tsawo. In ka ga abu a gidan tsoho, mummuna, mai nauyi, ba ka san aikinsa ba, ka tambaya kafin ka ɗauko almakashi. A gidan surukai kuwa hannu na gaisuwa ne da cin tuwo, in ya ƙara da wani abu karambani ne. Na riƙe wannan gam, sai dai na riƙe shi a makare, don har yanzu saura 'yan mata uku a gidan ba a aurar ba.